Kwanon Jere Ba Ya Koya Tuƙin Tuwo

Kafin a fara yayin kabad mai gilashi da kayan tangaran, jere shi ne darajar ɗakin amarya a ƙasar Hausa. Ana gobe za a kai ta, gwaggonni da innoni za su wuni a ɗakin suna aiki: tasoshi a kafe a bango suna ƙyalli, kwalla da samira a ɗora su bisa juna daga babba zuwa ƙarama, fanteka da kumbo da langa kowanne da mazauninsa. 'Yan ganin ɗaki su shigo su sa albarka, su ƙirga a zuci, su fita su kai labari unguwa. Amma akwai doka guda da ba sai an faɗa ba: ba a cin tuwo a kwanon jere. Ba a ɗora shi a murhu, ba a miƙa wa yaro ya riƙe. Iyakarsa a sauke, a goge ƙura, a mayar. Akwai kwallar da za ta zauna a ɗaki har a aurar da 'yar da aka haifa a gabanta, ba ta taɓa jin ɗumin miya ba.

Ita kuwa 'yar, ba a gaban jeren ta koyi girki ba. A madafi ta koya, inda tukunya ta yi baƙi ƙirin, hayaƙi yana sa hawaye. Nan ta tsuguna ta ga yadda ake rude, da yadda ake barinsa ya nuna kafin a kawo gari. Ranar da aka fara miƙa mata muciya tuwon ya yi gudaji, uwar ta leƙa ta ce, "Ai garin kika juye gaba ɗaya, 'yar nan. Kaɗan-kaɗan ake zubawa, hannu kuma ba ya tsayawa." Nan ta ga an jiƙa kanwa an tsiyaya a miyar yakuwa, ta ce, "Inna, me ya sa?" Aka ce ta ɗanɗana kafin a zuba, ta sake ɗanɗanawa bayan an zuba. Tsamin ya kwanta. Ba ta san sunan abin da ya faru a littafin kimiyya ba, amma harshenta ya sani, kuma har ta tsufa ba za ta manta ba.

Yawancin gidajen tarihinmu jere ne. Ban faɗi haka don raini ba, domin jere ma da ranarsa: shi ke nuna asalin gida, shi ke adana abin da kaka ta bari. Gidan Makama a Kano, da gidan tarihi na Kaduna, da na Jos da aka buɗe tun 1952, suna riƙe da dukiyar da in ta salwanta ba mai maido ta. Sai dai ka tsaya ka kalli yadda 'yan makaranta suke zagaya irin waɗannan wurare. Su shigo a layi, malami a gaba yana ta jan kunne kada wanda ya taɓa komai. Ga zuga-zugi a akwatin gilashi, ga 'yar takarda a gefensa an yi bayani da Turanci. Yaro ya karanta in ya iya, ya kwafa a littafi in an ce ya kwafa, ya wuce. Zuga-zugin da ba ya hura wuta kuwa fata ce kawai da itace. Yaron ya ga kayan aiki, bai ga aikin ba.

A tarihin sarauta ana iya lallaɓawa da haka, don takobin sarki ko a rataye yake yana da kwarjininsa. A kimiyya ba ya yiwuwa. Ita duk maganarta yadda abu yake faruwa ne: me ya sa wannan ya narke wancan bai narke ba, me ya hana rufin soro faɗowa, ina ruwan randa yake samo sanyinsa. Irin wannan sai an yi a gabanka, sai ka ga an gwada an kasa an sake, sai an ba ka bakin tambaya.

Masu gidajen kimiyya a ƙasashen waje sun daɗe da cin karo da wannan matsala, kuma ɗaya daga cikin magungunan da suka samo shi ne ɗan wasan kwaikwayo. Gidan kimiyya na jihar Minnesota a Amurka ya fara shigo da wasa cikin ɗakunan baje kolinsa a 1971, har ya zama yana da 'yan wasansa na dindindin. Na Landan ya bi sahu a 1987. A 1990 Catherine Hughes, wadda take aiki a gidan kimiyya na birnin Boston, ta jagoranci kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya. Yadda suke yi ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Kana tsaye gaban tsohon inji, sai ga mutum cikin suturar mutanen da, hannunsa duk baƙin mai, yana mitar injin ya ƙi tashi, yana neman wanda zai riƙe masa wani abu. Kafin ka ankara ka zama yaron shagonsa. Minti 15 ko 20 an gama, amma ka fita ka san abin da tururi yake yi a cikin wannan ƙarfe.

Tushen abin ma ya girmi haka. Michael Faraday ɗan maƙeri ne, ya fara da koyon ɗinkin littattafai, ya ƙare cikin waɗanda suka buɗe wa duniya sirrin lantarki. Shi ya assasa laccocin yara na ƙarshen shekara a Landan a 1825, waɗanda har yau ake yi. A 1848 ya ɗauki kyandir ya yi lacca 6 a kansa. Ya kunna, ya hure, ya kai wuta kusa da farin hayaƙin da ke tashi, sai ga wutar ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani. Ya tare abin da ke fita daga harshen wutar da abu mai sanyi, yara suka ga ruwa yana taruwa, ruwa daga cikin wuta. Faraday ba ɗan wasa ba ne, amma ya san abin da uwar nan ta madafi ta sani.

Abin da ke ci mini rai shi ne, in akwai garin da ya kamata a ce ya riga kowa yin wannan a Arewa, to Zariya ce. Kayan haɗin duk suna nan, sai dai kowanne yana ɗakinsa.

A fara da Kufena. Dutsen yana yamma da birni, kusa da Wusasa, kuma har yanzu ana ganin ragowar ganuwar da ta kewaye shi da filayen gindinsa. Tarihin baka ya ce daga Turunku aka taso aka zauna nan a zamanin Bakwa Turunku, cikin ƙarni na 16, kafin gari ya tattara inda yake yanzu. Irin wannan ganuwa kuma a ƙasar Hausa da sunan Sarauniya Amina ake kiranta. Masu binciken kayan ƙarƙashin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su John Sutton da Kwaku Effah-Gyamfi, sun yi aiki a wannan yanki tun daga shekarun 1970. A yammacin Samaru an tono wuraren da aka dafa tama shekaru sama da 1,000 da suka wuce: gindin tanderu, da fasassun bututun yumɓu, da tarin kashin ƙarfe. Mutanen wancan zamani ba don sha'awa suka zauna gindin duwatsu ba. Ruwan sama yana gangarowa daga jikin dutse ya jiƙa ƙasar da ke ƙasa, ga kwarmin da ke riƙe ruwa bayan damina, ga wurin hangen maƙiyi tun yana nesa. Amma wanda ya je Kufena yau zai hau dutse, ya sha iska, ya ɗauki hoto da waya, ya sauko. Zai iya taka baƙin dunƙulen kashin ƙarfe a hanyarsa bai san shaidar masana'anta ya taka ba.

To a ce wata safiyar hunturu 'yan aji shida na wata firamare sun iso gindin dutsen. A inuwar bishiya ga tanderun yumɓu, an tsaga gefensa don a ga ciki. Ga dattijo ɗaure da warki, ga yaronsa yana fama da zuga-zugi.

"Kai, wutar nan barci take yi. Ƙara hannu."

"Baba, tun asuba nake zuga. Kafaɗata ta mutu."

"Ƙarfe bai san kafaɗa ba. Zuba gawayi, sannan tama, sannan gawayi."

A buɗe tanderu, a tarar ba komai sai jajayen duwatsu da suka gasu ba su saki ƙarfe ba. Wahalar kwana ta tafi a banza, ga manoma suna jiran fartanya da garma. Dattijon ya yi tagumi, can ya juyo wajen yaran: "'Ya'yana, ku da kuke zuwa makaranta, ku taimaki tsoho. Me ya ɓata mana aiki?" Wata ta ce gawayin ne ba shi da kyau. Ya miƙo mata iri biyu, na ƙirya da na wani itace mai taushi, ta auna nauyinsu a tafin hannu. Wani ya ce iska ce ta yi kaɗan, a ce to zo ka zuga mu gani. Ya kama zuga-zugi, garwashi ya tashi daga ja ya koma ruwan ɗorawa, ya doshi fari, aji ya ɗauki sowa.

A nan ne bayani yake samun ƙofar shiga, domin yanzu yaran ne suke nemansa. Ƙarfen da ke cikin tama a ɗaure yake da iskar oksijin, shi ya sa dutsen yake ja kamar tsatsa. Gawayi in yana ci a wuri rufaffe yakan fitar da wata iska, kabon monoksaid, wadda take ƙwace oksijin ɗin ta bar ƙarfe. Zafin irin wannan tanderu yakan kai wajen digiri 1,200, alhali ƙarfe ba ya narkewa sai ya haura 1,500. Ke nan ba ƙarfen ne yake narkewa ba, dattin da ke tare da shi ne yake zama ruwa ya gangara ƙasa, in ya huce ya zama kashin ƙarfe. Abin da ya rage a ciki dunƙule ne mai ramuka, sai an kai shi kan uwar maƙera an yi ta dukansa da masaɓa kafin ya zama abin kirki. Manya da yawa ba su san wannan ba, har da masu digiri. A miƙa wa yara dunƙulen biyu da mayen ƙarfe, su ji da hannunsu ɗaya ya kama gam, ɗaya da ƙyar.

Kuma wasan bai ƙare a tarihi ba. Yaron dattijon ya ce sanyi ya dame shi, bari ya ɗebi garwashi ya shiga bukka ya rufe ƙofa ya kwanta. Dattijon ya daka masa tsawa, ya tambayi yaran ko sun san dalili. Iskar nan da ta ƙwace oksijin daga dutse ita ce take shiga jinin mutum ta hana shi ɗaukar oksijin, ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce take kashe mutane a cikin barci in sun kwana da kaskon wuta ko janareto a ɗaki rufaffe, abin da ba ya wuya a ji labarinsa in sanyi ya tsananta. Yarinyar da ta ga wannan wasa da safe, in ta ga an shigo da kasko ɗaki da dare za ta yi magana. Ba na jin allon bayani a bango zai iya sa ta buɗe baki.

'Yan wasan da za su yi wannan ba sai an ɗauko su daga wata ƙasa ba. A harabar jami'a a Samaru akwai dandalin nan da ake kira Drama Village, ginin ƙasa da Steven Ehrlich ya tsara a tsakiyar shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna a kewaye, fili a tsakiya. Daga nan ne Michael Etherton, wanda ya zo daga Zambiya a 1975, da Brian Crow, da Salihu Bappa, da Oga Steve Abah da ɗalibansu suka fitar da wasa daga jami'a suka kai shi ƙauye. A 1977 suka yi Wasan Manoma a ƙasar Soba, daga baya suka je Maska da Bomo. Ɗalibai su zauna da mutane, su saurari abin da ke damunsu, taki ne, ko ruwa, ko filin da aka ƙwace, su gina wasa a kai ba tare da rubutaccen littafi ba, su yi shi a dandalin gari. Da tafiya ta yi nisa sai suka gane yi wa mutane wasa bai isa ba, sai an yi tare da su: a tsayar da wasa a tsakiya, a tambayi 'yan kallo yadda za a fita daga matsalar, mai shawara ya shigo fili ya gwada. Wannan salo ya sa sunan Zariya ya shiga bakin masu nazarin wasan kwaikwayo a duniya, a jere da Kamiriithu ta Kenya da aikin Augusto Boal a Barazil. Kusan shekara 50 ke nan ana yaye ɗalibai masu wannan horo. Tsayar da wasa a tambayi mai kallo, ai shi ne ainihin abin da gidan kimiyya yake bukata.

Su ma 'yan kallon ba baƙin abin ba ne. Yaron da ya tashi a Zazzau ya yi tashe tun daga goma ga azumi, ya manna gemun auduga ya zama tsoho, ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani yana jero sunayen itatuwa da saiwoyi. Ya ga 'yan kama suna kwaikwayon malamai a gidan biki. Al'ummar da take koya wa yaranta zaman aure da ladabi ta hanyar kwaikwayo ba za ta rasa gane ɗan wasan da ya shiga rigar maƙeri ba.

Sai dai muna da wani gado kuma da ya kamata a yi hattara da shi. Tun zamanin Turawa ake amfani da wasa a wayar da kai: Wasan Marafa na Abubakar Tunau a kan tsabta da lafiya ne, majigi kuma ya zaga garuruwa da fina-finai irin su Baban Larai yana tallar noman zamani. Sun yi amfani a lokacinsu. Amma yawancin fina-finan majigi ƙirarsu ɗaya ce: ga mai wayo da ya bi maganar hukuma ya yi arziki, ga wawa da ya ƙi ya tsiyace. Mai kallo ba shi da ta cewa, nasa ya ji ya bi. Wannan ba madafi ba ne, kwano ne aka kawo maka a rufe aka ce ci. In wasan gidan kimiyya ya koma haka, gara a bar shi, don yara suna jin ƙanshin wa'azin dole tun daga nesa, manya kuma su yi shiru su tafi da shakkarsu.

Shakka kuwa akwai ta, kuma nan ne nake ganin wasan zai fi yin aiki. Zariya cike take da cibiyoyin kimiyya. Binciken noma a Samaru ya faro tun 1922, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, ga na'urar binciken nukiliya ta farko a Nijeriya tana aiki a jami'ar tun 2004. Mai sayar da rake a bakin ƙofar waɗannan wurare zai shekara yana ganin masu farar riga suna shiga suna fita bai san abin da suke yi ba, su ma ba su da wurin da za su gaya masa. A ƙarshen 2019 cibiyar binciken noma ta fitar da irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Masu binciken sun ce yana rage feshin magani daga sau 6 ko 8 zuwa sau 2. Wasu manoma sun karɓa hannu bibbiyu, wasu suna tsoro, ana ta muhawara a rediyo da waya. Ka kawo wannan muhawara fili: ga manomi da kuɗin feshi ya ishe shi, ga matarsa mai tuyar ƙosai tana cewa, "Malam, ni abin da zan ba 'ya'yan mutane nake ji," ga malamar bincike, ga dillalin iri da nasa lissafin. Kowa a ba shi hujjarsa mai ƙarfi, kada a mai da mai tsoro wawa. Sannan a tsaya, a juyo ga 'yan kallo, a kuma tanadi masani na gaske a gefe wanda zai amsa abin da ya fi ƙarfin ɗan wasa. Mun ga abin da rashin irin wannan zama yake jawowa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin da ba a zauna an warware da wuri ba, cutar ta sake bazuwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, domin ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida ba a san abin da ke cikin ƙurar ba.

Akwai masu cewa wasa zai zubar da ƙimar ilimi, ya mai da gidan tarihi dandalin barkwanci. Tsoronsu yana da tushe. Ɗan wasa yana son tafi, kuma in ya ga ƙarya ta fi gaskiya jawo dariya zai iya karkata. Maganin wannan shi ne kada a bar shi shi kaɗai: duk abin da zai faɗa a kan zafin wuta ko shekarun ganuwa sai masanin fannin ya tantance, in kuma yaro ya yi tambayar da ba ta cikin abin da aka shirya, ya ce, "Wannan sai mu tambayi malam," kada ya ƙirƙira. Ni da za a ji tawa, da ba a fara da Sarauniya Amina ba, duk da na san ita kowa zai fara kawowa. Abin da aka tabbatar game da ita kaɗan ne, kuma duk maganar da ka sa a bakinta yaro zai ɗauka ita ta faɗa. Gara talakan da ba a rubuta sunansa ba: mai haƙar tama, mai kwaɓa ƙasar ganuwa, matar da take kaɗi, marinin da yake jiran baba ya nuna a karofi. Su aikinsu ne yake magana, aikin kuma ana iya gwada shi a gaban kowa. Haka nan sana'o'in da suna tafe da camfe-camfe da tsafe-tsafen zamaninsu. Ba a ɓoye su, ba a kuma yi musu dariya. A nuna cewa haka mutanen suka fahimci abin, a bar gwaji ya nuna wanne ne yake sa ƙarfe ya fito.

Ba kuma cewa nake a sauke jere duka a ɗora a wuta ba. Uwa mai hankali ba ta ba 'yar koyo tasar gado. Akwai tukunyar yau da kullum don wannan. Abin da aka tono daga ƙasa ya zauna a gilashinsa, da ma ɓarayin kayan tarihi sun isa yi mana ɓarna. Wanda za a taɓa a ƙera irinsa. Maƙeran Zariya za su yi zuga-zugi da awartaki, magina su gina tanderu. Ribar ma ta koma kan jeren kansa, domin yaron da ya zuga wuta da hannunsa in ya koma gaban akwatin gilashi zai daɗe a tsaye, yana duba inda hannun mai shi ya cinye itacen.

Haka za a yi da gini. Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830, har kwaikwayonsa aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Amma 'yan Zariya nawa ne suka san yadda bakan gizonsa yake tsaye ba ƙarfe ba siminti? Ana ɗora azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Ɗan wasa a matsayin magini, da guntayen azara da igiya da yara goma, zai sa su gina ƙaramin baka, ya rushe musu sau ɗaya ko biyu, a na uku ya tsaya har a ɗora masa dutse.

Makwabtanmu sun ɗan taɓa hanyar. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, bai tsaya ga ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar Tenere ba. A cikin harabarsa akwai maƙeran farfaru da dukawa da masaƙa suna aikinsu, mai ziyara yana tsaye yana kallo yana tambaya. Abin da ya rage a ƙara shi ne labari: matsalar da za ta sa mai kallo ya damu da ko aikin zai yiwu ko ba zai yiwu ba.

Ba na ganin sai an jira gwamnati ta gina katafaren gida mai na'urar sanyaya ɗaki kafin a fara. Gindin Kufena yana nan, inuwa tana nan. Abin da ake bukata 'yan wasa biyu ko uku da za a biya su haƙƙinsu kamar kowane ma'aikaci, da malami ɗaya daga sashen binciken kayan tarihi, ɗaya daga sashen kimiyyar sinadarai, da izinin masarauta da hukumar kula da kayan tarihi, da makarantun Wusasa da Tudun Wada da cikin birni da za su riƙa kawo yara da rana tare da malamansu, mata da maza, yadda iyaye za su saki jiki. Ɗalibin wasan kwaikwayo da ake tura shi ƙauye don cika sharaɗin karatu, ana iya tura shi nan.

Abin da ba zai jira ba shi ne dattawan. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ƙarfen Turawa da tarkacen reluwe da na mota suka fara kashe dafa tama, har maƙeri ya koma sayen tsohon sifirin a kasuwa. Waɗanda suka ga an yi da idonsu sun kusa ƙarewa, saura waɗanda suka ji daga bakin iyayensu. Haka magina masu ɗaurin baka, haka marina. Kafin a ɗinka warki ko a rubuta layi ɗaya na wasa, aikin farko shi ne ɗaliban su je maƙera da karofi su durƙusa su gaida masu wurin, su nemi izinin naɗar magana, su tambayi irin ƙasar da ake gina tanderu da ita, da itacen da ake ƙonawa, da yadda ake gane wuta ta kai ba tare da ma'aunin zafi ba.